Kafin Hunturu Ya Wuce

Sabuwar shekara kan same mu a Ƙofa cikin hunturu, kaka ta wuce, rumbu cike. Ɗan'uwa, yanzu ne lokacin lissafi, ba sai damina ta kawo jiki ba.

Fara da rumbu. Ƙirga buhunan masara da dawa, ka ware abincin gida har zuwa Agusta, lokacin da hatsi ke tsada, sannan ka kai ragowar kasuwar Kwanar Dangora. Na sha ganin magidanci ya karyar da buhu a Janairu, tsakiyar damina ya dawo yana awo da kwano, abin yana ci mini rai. Cikin kuɗin ragowar da ka sayar, sayi taki da wuri, ka damƙa wa uwargida kuɗin makarantar yara.

In kana kusa da ruwan Tiga, ɗan fili na albasa ko tumatir ya ishe ka aikin rani.

Sai godiya. In amfani ya kai nisabi, fitar da zakka: ɗaya bisa goma na damina, rabin haka na ban-ruwa da inji. Sannan ka taka har gidan wanda ya ara maka shanun huɗa bara, da ƙunshin goro a hannu.