Hasashen damina ba izinin hawa dutse ba ne

Tun ranar Laraba wani mai shirya tafiyar yawon buɗe ido ya kira ni. Ya ce yana da mutum wajen talatin da zai kawo daga Kano da Abuja, suna son hawa duwatsun Shere ranar Asabar, a makon farko na Oktoba. Na ce masa madalla, amma da sharaɗi: ƙarfe shida da rabi na safe mu kasance a gindin dutse, kafin azahar kowa ya sauko. Ya ce ba zai yiwu ba. Motar 'yan Abuja sai da safe za ta taso, ga karin kumallo, ga ɗaukar hotuna, kuma ya riga ya tallata musu cewa daga ƙoli za su kalli faɗuwar rana. Na ce masa ni a Oktoba ba na kai mutane ƙolin Shere da yamma, ko nawa za a biya ni.

Sai ya turo min hoto ta WhatsApp. Shafi ne daga hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon shekara, ya zagaye wata rana da jan layi. Ya ce, "Malam, ai damina ta ƙare, ga shi nan a rubuce, masana ne suka faɗa." Da na duba, ranar da ya zagaye ta wata ƙaramar hukuma ce can arewacin Kano, ba ma Filato ba. Na ce masa, "Ɗan'uwa, wannan ba namu ba ne. Ko da namu ne ma, takardar manoma ce, ba ta san da Asabar ɗinka ba." Ya ce na cika tsoro, zai nemi wani. Ya kuwa samu. Wani yaro ɗan acaba da yake kai mutane har gindin dutsen ya ce ya san hanya, aka ba shi 'yan dubbai.

Asabar ta waye garau, ko ɗigon gajimare babu. Irin wannan safiyar ce ke yaudarar baƙi. Wajen ƙarfe ɗaya sai iska ta tsaya cak, zafi ya sauko, can gabas gajimare ya fara hawa kan juna, samansa fari tas, gindinsa yana ƙara duhu. A ƙauyukan da ke kewaye da dutsen mata sun fara kwashe shanya. A daidai lokacin da mai shanya ke gudun ruwa, su kuma suka fara hawa, wajen ƙarfe biyu.

Biyar ta wuce wayata ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga cikinsu, ta samo lambata a zauren WhatsApp na tafiyar tun lokacin da ake sa ran ni zan jagorance su. Da ƙyar nake jin muryarta saboda iska. "Baba, don Allah ku zo, wata ta karye, wani kuma ba ya iya tashi." Na tambaye ta ina mai tafiyar. Ta ce ya sauka tun da aka fara tsawa, wai zai je ya nemo taimako.

Na kira abokan aikina, muka ɗauki igiya da barguna da fulas na shayi, muka roƙi samarin ƙauye suka biyo mu. A gindin dutse muka tarar da mutumin zaune cikin bas, gilashi a rufe, ba wanda ya kira. Ban tsaya ba, don na san in na buɗe baki ba alheri zan faɗa ba.

Mun same su a warwatse gida uku. Ɗan acaban nan bai gudu ba, wannan kam na shaide shi, yana tsaye kan masu rauni yana karkarwa, amma bai san abin da zai yi musu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Yarinyar da ta karye, takalmin kambas ne fari a ƙafarta, tafinsa sumul. Ta taka falalen dutse mai gansakuka, ta zame, ƙafar ta faɗa tsaga, jikin ya ci gaba. Ƙashin ƙwauri ya tafi. Muka ɗaure da sanduna da mayafin ƙawarta. Tana ta ihu, ni kuma ihun nan ya kwantar min da hankali a kanta, don mai ihu yana da sauran ƙarfi.

Wanda ya tayar min da hankali shi ne yaron da ba ya cewa komai. Bai wuce shekara goma sha tara ba. Yana ƙarƙashin wata rumfar dutse, ya dunƙule, hannu ɗaya a ƙirji, yana cizon wuyan rigarsa, rigar auduga mai ɗauke da tambarin tafiyar, jiƙe sharkaf. Numfashinsa gajere, yana fita da sauri. Na haska idonsa da tocila, na ga launin da ba na so. Na juya ga abokinsa na ce, me ke damunsa dama? Ya ce, "Sikila gare shi, amma ya daɗe bai tashi ba." Ba wanda ya tambaye shi kafin a taso. Fom ɗin da suka cike, suna ne da lambar waya da girman riga.

Muka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, muka naɗe shi da bargo, aka riƙa ba shi shayi mai ɗumi kaɗan kaɗan. Shi da yarinyar a hannu muka sauko da su, ana karɓa-karɓa, kan dutse mai santsi, cikin duhu. Sai wajen ƙarfe goma muka iso mota. A asibiti aka sa masa iskar numfashi, aka yi masa ƙarin jini, ciwon ya sauka a ƙirji. Ya fi mako biyu a kwance. Allah ya yi da sauran kwana.

Mahaifinsa ya taso daga Kano washegari. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya kama hannuna ya yi ta godiya, sannan ya ce, "Malam, ni ce min aka yi yawon buɗe ido ne. Shin ba a san za a yi ruwa ba ne?" Na ce, "Alhaji, an sani." Hasashen ranar ya faɗi yiwuwar tsawa da yamma a Filato, sararin sama ya faɗa, matan ƙauye sun gani, ni ma na faɗa tun Laraba. Bayan kwana biyu mai tafiyar ya ɗora hotunan da aka ɗauka kafin ruwa, ya rubuta cewa ruwan bazata ne ya same su, ƙaddara ce. Har da sanar da tafiya ta gaba. Wannan rubutun nasa ne ya sa na zauna nake wannan.

Hasashen damina yana magana ne kan watanni, ba kan yammacin da za ka hau dutse ba. Ranar ɗaukewar ruwa ba ranar rufe sama ba ce. Ta Kano ba ta Jos ba ce. Wanda ya kai mutane ƙoli da la'asar a watan Oktoba, ganganci ya yi, kada ya laƙaba wa ƙaddara.

Ba hasashen nake zargi ba. Aiki ne mai amfani, manomi ya san lokacin shuka da irin da zai zaɓa, masu madatsun ruwa su yi shiri. Yana ba da ranar farawar ruwa da ta ɗaukewarsa da tsawon damina da yawan ruwan shekara, kuma kowace rana a cikinsa tana da rata ta kwanaki gaba ko baya. Ko an ce ruwan bana zai gaza na kullum, ba a ce ba za a yi hadari ranar Asabar ba. Hadari ɗaya ya ishe ka. Kuma ruwan ƙarshen damina, lokacin da iskar arewa ta fara turo danshi kudu, shi ne mai zuwa da iska da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara a nan Filato. Ba ya daɗewa kamar marka, amma ya fi ta mugunta ga wanda ke kan tsauni.

Ba mu kaɗai wannan ruɗin ke ci ba. A Nepal, Oktoba ne watan da aka fi amincewa da shi, damina ta wuce, sama garau, dubban baƙi ke zuwa. Ranar 14 ga Oktoba 2014, ragowar guguwar Hudhud, wadda ta afka wa gabashin Indiya kwana biyu kafin nan, ta zubar da dusar ƙanƙara a yankin Annapurna. Mutum aƙalla 43 suka mutu, da dama a kusa da mashigar Thorong La mai tsayin mita 5,416. Masana yanayi suna bin guguwar nan kwanaki kafin ta iso. Waɗanda ke kan hanya sun dogara da sunan watan.

Yanzu hawa dutse ya zama yayi, kuma ina murna da hakan, don ƙasarmu tana da abin gani. Abin da ke ƙona min rai shi ne duk wanda ya iya haɗa talla a Instagram ya buga riguna, ya zama jagora. Bai taɓa ɗaure karaya ba, ba shi da igiya, ba shi da jakar taimakon gaggawa, bai san hanyar sauka ta biyu ba. Mutum talatin, jagora ɗaya, shi ma na haya a bakin hanya. Ku tambayi mai tafiya ƙarfe nawa za a juyo, ko an kai ƙoli ko ba a kai ba. In ba shi da amsa, ku karɓi kuɗinku.

Ku fara da asuba. Na faɗa, zan kuma maimaita, don a nan ake ta gardama da ni: daga Satumba har ƙarshen Oktoba, da asuba ake hawa, da azahar a sauko. Faɗuwar rana daga ƙoli ku bari sai Disamba. A Oktoba kafin shida da rabi duhu ya rufa, kuma saukowa ta fi hawa karya mutane.

Sanyin ma ana raina shi. Jos tana kan mita 1,200 da 'yan kai, ƙolin Shere mita 1,829. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi, wato wanda ya baro Kano da safe ya tsaya a ƙoli ya yi asarar kusan digiri tara tun kafin ruwa ya taɓa shi. Ƙara jiƙaƙƙiyar riga da iska a kai. Auduga da jins in sun jiƙa ba sa bushewa, zuƙe ɗumin jiki suke yi. Rigar ruwa da busasshiyar riga ɗaya a cikin leda ba su da nauyin da zai hana ka ɗauka, amma kullum sai na ga jaka cike da lasifika da lemon kwalba, babu ko ɗaya daga cikinsu.

Mai sikila, mai asma, mai ciwon zuciya, mai sukari, ku faɗa. Ba korarku za mu yi ba, shiri za mu yi, ko mu zaɓa muku hanya mai sauƙi da rana mai kyau. Sanyi da gajiya da ƙishirwa su ne ke tayar da sikila, kuma dutse a ƙarshen damina ya haɗa duka ukun. Jagoran da bai tambaye ka lafiyarka ba, bai damu da dawowarka ba.

In ka ga walƙiya, ƙirga. In tsawa ta biyo kafin daƙiƙa talatin, hadarin bai fi kilomita goma daga gare ka ba, bar ƙoli nan take, kada ka raɓu da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada ku cunkushe wuri ɗaya. Manhajar yanayi ta waya ba ta ganin dutsen da kake kai, faɗin yanki take aunawa. Duba hasashen kwana uku da daddare, sake dubawa da asuba, sannan ka riƙa ɗaga kai kana kallon gabas. Ciyawar kaka ta kai wuya, tana ɓoye tsaga, tana ɓoye maciji. Silifas a bar su a mota.

Masu kira na suna son Chappal Waddi a Oktoba don sun ji shi ne mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, amsata ɗaya ce: can Gashaka damina ta fi daɗewa, koguna a cike suke, kuma tafiyar kwanaki ce babu asibiti kusa. Ku jira Disamba.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta ce za ta hawa dutse a watan Oktoba, kada ku hana, amma ku karɓi lambar jagoran ku kira shi da kanku. Ku tambaye shi ƙarfe nawa za su fara, ƙarfe nawa za su sauko, mutum nawa ke hannunsa, kuma me zai yi in wani ya karye. In ya ce muku ai damina ta ƙare, kada ku bari a tafi da yaronku.