Guntun katako yana da sauran aiki

Katako yana da tsada a Nijar, don ba a nan ake samun shi ba. Manyan motoci ke ɗauko shi daga ƙasashen kudu, kamar Najeriya da Gana. Kafin ya iso Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kuɗin mota sun hau kansa. Itacen daji kuma ya ragu ƙwarai tun farin 1973 da na 1984. Gawo ma, doka ta hana a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Duk da haka, in magidanci ya gama gyaran ƙofa ko gado, guntayen da suka rage sai su wuce murhu. Abin da aka saya da kuɗin wake ya ƙare a tuwon dare ɗaya. A kasuwar Katako ta Yamai ba a yin haka. Can ko guntu mai tsawon hannu yana da mai saye.

Aikin farko shi ne cire ƙusa. Tsohuwar ƙusa tana huda ƙafar yaro, kuma raunin yana iya kawo tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki. A cire ta, a miƙe ta da guduma bisa dutse, a ajiye cikin gwangwani. Za ta sake aiki. Bayan nan a kasa guntayen kashi uku: dogaye, matsakaita da ƙanana. A ɗora su bisa duwatsu a inuwa, don gara da ruwa.

Dogayen, babu abin da ya fi dacewa da su kamar gadon buhu. Buhun hatsi ko wake ko gujiya da ke zaune a ƙasa yana shan danshi ta gindi. Mai shi ba ya gani, sai ranar da ya ɗaga. Gara ta ci buhun, ƙwayar ta yi funfuna. Funfunar gujiya da ta masara tana da dafi mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Ga yadda ake yin gadon. A sami guntaye biyu masu kauri, a shimfiɗa su a ƙasa, su ne ƙafafu. A jera sauran a kansu a gicciye, a buga ƙusa. A bar tsakani kamar yatsa biyu, don iska ta ratsa. Tudun gadon ya kai santimetir 10, wato kamar faɗin tafin hannu. In ya fi haka, madalla. Ba dole katakan su zama tsawo ɗaya ba, gadon buhu ba kayan ɗakin amarya ba ne. Kada a jingina shi da bango. A sa dutse ƙarƙashin kowace ƙafa, a riƙa leƙawa ko gara ta fara gini.

Matsakaita suna yin murfi. Randar da ke buɗe, ƙura da ƙuda da hannun yara duk suna shiga. Guntaye biyu ko uku, a haɗa su da wani a gicciye, an sami murfi da mariƙinsa. Bakin salga ma yana son nasa murfi, amma shi a yi masa doguwar ƙota, don kada hannu ya taɓa ƙasa. Ƙudan da ya tashi daga salga shi ke sauka bisa furar yara, ya kawo zawo.

Wanda ke zuwa cibiyar yaƙi da jahilci yana iya fidda allonsa daga nan. Katako mai laushi, santimetir 30 a tsawo, 20 a faɗi, ya isa. A kankare shi da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul, a shafa baƙin fenti, a bari ya bushe.

Ƙananan kuma ba a rasa inda za a sa su: sakatar ƙofa, abin tsuke ƙotar da ta yi sako-sako, ƙafar motar wasa ta yara. Garin da zarto ya zubar, a shimfiɗa shi a akurki. Yana shanye kashin kaji, ɗakin ya daina wari. In ya jiƙe a kwashe, a zuba a ramin taki ya ruɓa. Kada a kai shi gona ɗanye. Shuka za ta yi rawaya, don garin yana cinye abincinta kafin ya ruɓa.

Akwai katakon da bai kamata ya kusanci abinci ba: mai fenti, da wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da siririn nan da ake mannawa da gam. Ba a yin murfin randa ko cokali da su, ba a kuma hura wutar tuwo da su, don hayaƙinsu guba ne.

Katakon da ake ɗauko kaya a kansa daga ƙasashen waje yakan zo da hatimi. Wanda ya iya karatu sai ya duba haruffa biyu. In an rubuta HT, zafi aka sa aka kashe ƙwarin da ke ciki. In an rubuta MB, hayaƙin magani mai guba aka sa. Wannan a bar shi ga shinge ko ƙofar garke.

Lissafi: Wani yana da guntun katako mai tsawon metir 1 da santimetir 20, faɗinsa santimetir 20. Allo nawa zai fidda, in kowane allo santimetir 30 ne?