Wufa da Kwamfuta a But Ɗaya: Yadda Za Ka Ceci Rumbun Ajiyarka

Tambaya: Malam, na haɗa ƙaramar kwamfuta a but ɗin motata, ita ke riƙe min waƙoƙi da karatu da taswira. A gefenta akwai akwatin wufa biyu masu inci 12. Da zarar na ƙure murya sai sauti ya riƙa yankewa, wani lokaci kwamfutar ta sandare gaba ɗaya. Mai wayarin ya ce maganaɗisun lasifikar ne ke shafe abin da ke cikin had-disk, wai in naɗe shi da soso in sa falle na ƙarfe a tsakani. Haka ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, mai wayarin ɗinka ya kama ɓarawon da bai yi sata ba. A cikin had-disk ɗin kansa akwai maganaɗisu mai ƙarfin gaske, shi ke motsa hannun allurar da ke karatu da rubutu, yana zaune dab da faifan, bai kuma taɓa goge masa komai ba. Ƙarfin maganaɗisun lasifika yana faɗuwa da sauri da zarar an ɗan matsa. Tazarar taku ɗaya ta isa ka cire shi daga lissafi. Abin da ke dame ka jijjiga ce.

Ga yadda abin yake. Faifan da ke cikin rumbun, wato had-disk ɗin, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. Allurar ba ta taɓa shi, iskar juyawar ce ke ɗauke da ita a tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai, kuma layukan da take bi sun fi ƙarfin ganin ido. Ka ɗauka kana zura zare a kafar allura a bayan akori-kura a kan gargada. Idan jijjiga ta kauce da ita daga layi, rumbun yakan dakata, ya jira faifan ya zagayo, ya sake gwadawa. Wannan jiran shi ne yankewar da kake ji. Rubutu ya fi karatu wahala, don rumbun ba ya yarda ya rubuta sai allura ta daidaita sosai, kada ya ɓata layin maƙwabta. Shi ya sa kwamfutar kan sandare daidai lokacin da take son adana wani abu. Ranar da bugun ya yi yawa har allura ta goge fuskar faifan, wurin ya mutu ke nan, ba gyara.

Kada ka ce wannan labarin kanzon kurege ne. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya kwarara ihu a gaban jerin rumbuna a ɗakin kwamfutoci, na'urar awo ta nuna saurinsu ya faɗi nan take. A 2016 bankin ING a Bukares ta ƙasar Romaniya ya gwada na'urar kashe gobara mai fesa iskar gas. Ƙarar fesawar kaɗai ta lalata rumbuna, hidimomin bankin suka tsaya na sa'o'i. A 2022 kuma Raymond Chen na Microsoft ya ba da labarin yadda waƙar Janet Jackson mai suna Rhythm Nation ke kashe wasu laftof na zamanin Windows XP, saboda wani amo a cikinta ya dace da amon da rumbu mai juyi 5,400 ke amsawa. In lasifikar laftof ta iya wannan, ina ga wufa biyu a rufaffen but?

Shawarata ta farko, kuma ita ce ta gaskiya: cire had-disk ɗin, ka sa SSD. Babu faifai a cikinsa, babu allura, babu abin da ke motsi, don haka bes bai da abin kamawa. Idan ka tara kuɗin roba da ƙarfe da aikin mai walda da za ka kashe wajen lallashin tsohon rumbun, sau da yawa sun kai na SSD mai matsakaicin girma. Abu ɗaya za ka kula da shi: bakin wayar SATA yana kwancewa da jijjiga. Nemi mai ɗan makullin ƙarfe a baki, ka ɗaure wayar da jikin akwati don kada ta riƙa lilo.

In kuwa dole sai had-disk, saboda tarin fayilolinka ya yi yawa, to fara da nisa. Fitar da kwamfutar daga but, ka kai ta ƙarƙashin kujerar gaba, ko aƙalla rumbun shi kaɗai. Kada ka ɗaure ta a jikin akwatin wufa, ko murfin but, ko allon da ke bayan kujerun baya. Waɗannan wurare su suka fi rawa a duk motar. Kunna kiɗan, ka bi da tafin hannu kana dafa wurare. Inda hannunka ya fi samun natsuwa, yawanci kusa da ƙashin motar mai kauri, nan ne mazauninta. Sannan ka zaɓi ƙaramin rumbu na laftof mai inci 2.5. An ƙera shi don yawo, faifansa ƙarami ne, hannun allurarsa gajere, ya fi na tebur mai inci 3.5 jure bugu nesa ba kusa ba.

Batun soso nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Rumbun da aka kwantar a kan soso mai laushi, ko aka rataye da robar ɗaure kuɗi, ba ya hutawa. Yana tsalle ne da nasa kiɗan. Kowane abu da ke kan roba yana da saurin lilon da ya fi so, kuma idan girgizar hanya ko bes ta dace da wannan saurin, robar ƙara motsin take yi. Ga shi kuma rumbun da kansa, duk lokacin da hannun allurarsa ya zabura, yana ture jikinsa. In ba a riƙe shi da kyau ba sai ya riƙa rikita kansa. Abin da ke aiki shi ne nauyi da roba mai shanye bugu. Ɗaure rumbun tam da sukurorinsa huɗu a kan farantin ƙarfe ko alminiyam mai nauyi, sannan ka ɗora farantin a kan ƙafafu huɗu na silikon ko roba mai tauri, irin wadda in ka danna ba ta zabura ta dawo. Ni na fi son a tsayar da shi a gefensa maimakon a kwance, domin bugun ramukan hanya daga ƙasa yake zuwa, kuma a kwance kai tsaye yake tura allura zuwa fuskar faifai. Ka rufe shi da akwati mai kauri, ka manna takardar kashe amo a bangon akwatin, tun da wani ɓangare na jijjigar ta iska yake zuwa.

Naɗewa da soso na da wata illar: zafi. Yawancin waɗannan rumbuna iyakarsu wajen digiri 55 zuwa 60 ne suna aiki, kuma motar da ta wuni a ranar watan Afrilu a Kano ko Maraɗi tana iya kaiwa can tun kafin a kunna komai. Bar masa hanyar iska, kuma kada ka haɗa shi maƙwabtaka da amfilifaya.

Akwai kuma ɓarawo na biyu da ake mantawa, wato wuta. Duk bugun bes amfilifaya na zuƙar lantarki da yawa. In ka lura fitilun motarka na lumshewa tare da kiɗa, to kwamfutar ma tana shan wannan faɗuwar. Ja mata wayarta daban daga batir, da fiyus nata, ka ba ta na'urar daidaita wuta da aka yi don mota, irin su M2-ATX ko M4-ATX, masu jure faɗuwar wuta har lokacin tayar da inji, su kuma kashe kwamfutar a tsanake in an zare makulli. Wannan ya shafi SSD ma, don ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu tana ɓata fayil.

Bayan ka gama, gwada aikinka. Sa kwamfutar ta kwafi babban fayil, ka kunna amon gwaji mai hawa a hankali daga 20 zuwa 200 a ma'aunin hatz, kana kallon saurin kwafin. Inda saurin ya faɗi warwas, wannan amon ne rumbunka ke tsoro. Sauya wuri ko roba ka maimaita. Sai ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka duba layin da aka yi wa lamba 05 da wanda aka yi wa lamba C5, masu ƙirga wuraren da suka lalace da waɗanda ake zargi. In alƙaluman ba sifili ba ne kuma suna ƙaruwa mako bayan mako, rumbun ya riga ya ji rauni. Kwashe fayilolinka zuwa wani rumbu a gida yau ɗin nan, kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya.