CIWON KUNNEN KIFI: A TARE SHI TUN DAGA BAKIN TABKI

Ƴan uwa masunta da ƙungiyoyin zuba kifi na Madawa, Buza da Keita:

Wani zai ce, me ya haɗa ma'aikacin kiwo da kifi? To, kifin da aka sayo aka zuba da hannu dabba ce ta kiwo, kuma ruwan da yake ciki shi ne shanunmu da awakinmu ke sha. Tun da Furojen Keita ya soma aiki a 1984, madatsun ruwa sun yawaita a Adar, ga kuma tabkunan da ke kwana da ruwa a kwarin Tarka da na Majiya. Inda aka zuba gargaza da tarwaɗa, akwai ciwon da ke kashe su a ɓoye. Shi ne darasinmu na yau.

1. INA CIWON YAKE?

Ka ɗaga murfin da ke gefen kan kifi, za ka ga wani jan nama mai zare-zare. Shi muke kira kunnen kifi, amma ba ji yake yi da shi ba. Huhunsa ne, da shi yake tsotso iskar da ke cikin ruwa.

Ƙwari iri biyu suka fi kama wurin. Na farko tsutsa ce ƴar mitsitsi mai ƙugiyoyi, masana na kiran ta gargaza Cichlidogyrus. Tana maƙalewa, tana zuba ƙwai cikin ruwa, ƙwan su ƙyanƙyashe su nemi wani kifin. Na biyu shi ne Trichodina, kamanninsa kamar faifai, yana yawo bisa kunne da fata yana kankara. Duka biyun sai da madubin likita ake ganin su sosai.

Kusan kowane kifi na ɗauke da kaɗan daga cikinsu ba tare da sun dame shi ba. Suna yin ƙarfi ne in kifi ya cunkushe, ko ruwa ya ƙazantu, ko kifin ya galabaita a hanya. Shi ya sa ɓarna ta fi yawa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya janye ya yi zafi.

2. ALAMOMI

- Kifi na tasowa sama yana haki, ko ya taru inda ruwa ke shigowa.
- Yana goga jikinsa da dutse ko ƙasa.
- Ya daina cin abinci, ya rame, kai ya fi jiki.
- Kunne ya koɗe, ya kumbura, ya yi yauƙi kamar majina. Lafiyayye ja wur yake.

A kula da abu biyu. In da asuba kaɗai gargaza ke haki, rana na ɗagawa ta nutse, to galibi ƙarancin iska ne a ruwan. In har rana tsaka tana haki, a duba kunne. Ita kuwa tarwaɗa tasowa ɗabi'arta ce, don tana shaƙar iskar waje. Kada tasowarta ta tsorata ku, kada kuma lafiyarta ta ruɗe ku: gargaza na iya ƙarewa tarwaɗa na nan tana wutsil-wutsil.

3. DARASI DAGA NESA

Masu kiwon kifin teku da ake kira salmon suna fama da irin wannan. Ciwon ya bayyana a Tasmaniya, ƙasar Ostareliya, cikin shekarun 1980, daga baya ya kai Sukotland da Norwe. Sai a 2007 aka tabbatar da ƙwayar, Neoparamoeba perurans. Maganinsu kuwa? Su ɗebo kifin daga ruwan gishiri su yi masa wanka cikin ruwan daɗi na awa biyu zuwa uku. Ƙwaron ya saba da gishiri, ruwan daɗi ke kashe shi. Namu akasin haka ne: ya saba da ruwan daɗi, gishiri ke karya shi. Kifi na jure canjin na ɗan lokaci, ƙwaro ba ya jurewa.

4. WANKAN GISHIRI KAFIN ZUBI

Tabki ba ya magantuwa, ya fi ƙarfin gishirin kowa. Wurin tare ciwo shi ne bakin ruwa, kafin ƴaƴan kifi su shiga.

a) Ku yi jigila da sanyin safiya, kada ku cika tano maƙil da kifi.
b) Da isowa a bar su su huta kwana ɗaya cikin kwarmi ko bahon siminti, ba cikin tabki ba.
c) A narkar da gishirin girki giram 400 cikin bido mai lita 20, wato giram 20 kowace lita. Wannan na gargaza ne. Tarwaɗa da ƙananan ƴaƴa, a raba gishirin biyu. Ban da kanwa.
d) A fara gwadawa da kifi biyar ko goma. In sun jure, a sa sauran na minti 10. Duk wanda ya fara kifewa, a cire shi nan take a maida ruwan daɗi.
e) Gishiri ba ya kashe ƙwan tsutsa. A maimaita bayan mako ɗaya, a canza ruwa, a riƙe su mako biyu kafin zubi.
f) Ruwan jigila a zubar da shi kan tudu, nesa da tabki.
g) Taru da homa da suka shiga wani ruwa, a shanya su a rana su bushe ƙamas.

Na taɓa zuwa wani gari inda ƙungiya ta tara kuɗi ta sayo ƴaƴan gargaza. Mota ta iso da la'asar, mutane sun gaji, aka juye tano da ruwansa duka cikin tabki. Ba a yi wata ba kifi ya fara tasowa. Da na buɗe kunnen, fari fat. Kuɗin gishirin da zai rage wannan asara bai kai kuɗin buhun dusa ba.

5. ABIN DA BA A YI

Don Allah kada kowa ya zuba maganin kaska ko na feshin albasa cikin tabki da sunan kashe ƙwari. Kaɗan daga cikinsa na kashe kifi ƙurmus, ga dabbobi da yara da ke shan ruwan. Su waɗannan ƙwarin ba sa kama mutum ko dabba. Kifin da aka kama da ransa aka dafa, ana ci. Wanda ya mutu da kansa, a tsame shi a binne.

In kifi ya fara mutuwa a ƙaramin kwarmi, ku rage yawansa, ku dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ku ƙara sabon ruwa. A babban tabki, ku yi su da wuri, tun ruwa bai janye ba.

In za ku kawo mana mu duba, ku kawo mai rai cikin bokiti da ruwansa. Kifi na mutuwa ƙwarin ke sakin sa, madubi ba zai nuna komai ba. Ku sanar da ma'aikacin kiwo ko na gandun daji mafi kusa tun ranar farko.

Allah shi ba mu damina mai albarka, tabkuna su cika.