Yatsu da Ƙwaƙwalwa: Dalilin da Ya Sa Masu Ƙera Wasan Kwamfuta ke Sauraron 'Yan Wasa

Gabatarwa

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ake yi ta hanyar buga haruffa kaɗai. Kalma takan bayyana a kan allo, mai wasa ya buga ta daidai kafin lokaci ya ƙure, sannan labari ya ci gaba. A shekarar 2016 kamfanin Fishing Cactus da ke birnin Mons a ƙasar Beljiyam ya fito da irin wannan wasa mai suna Epistory, labarin wata yarinya da ke yawo bisa yanyawa mai wutsiya uku. A 2021 kuma ya fito da Nanotale, inda wata mai suna Rosalind take tattara bayanan tsirrai da sauran halittu. Dukansu biyu an fara sake su ga jama'a tun ba a kammala su ba, na farko a 2015, na biyu a 2019, domin a ji ra'ayin 'yan wasa. Dalilin yin haka yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke koyon aiki.

Yadda yatsu ke koyo

A 1967 masana biyu, Fitts da Posner, suka kasa koyon aikin hannu zuwa matakai uku. A matakin farko mai koyo yakan yi tunani a kan kowane motsi, yana laluben harafi da ido. A na biyu kurakurai sukan ragu, motsi ya fara haɗuwa. A na uku aikin yakan zama jiki, yatsu su riƙa tafiya ba tare da tunani ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ta ƙunshi fiye da rabin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, ita ce ke gwada motsin da aka yi niyya da wanda aka yi, ta gyara na gaba.

Wanda ya ƙera wasa ya buga shi sau da yawa har ya kai mataki na uku, don haka ba ya iya jin wahalar da sabon shiga yake ji. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a nan kuwa mai ɗakin shi ne ɗan wasa.

Matsaloli uku

Ta farko ita ce rabuwar hankali. Karanta labari da buga kalmomi duk aikin harshe ne, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya ba su cikakken hankali a lokaci guda. Idan aka kawo muhimmin sashen labari ana tsakiyar faɗa da dodanni, sabon shiga zai buga kalmomin, labarin ya wuce shi.

Ta biyu ita ce mazaunin hannu. Mai buga rubutu yakan ɗora manunansa biyu a kan F da J, waɗanda aka yi musu ɗan tudu don a gane su ba da kallo ba. Yawancin wasanni kuwa da W, A, S, D ake tafiya, abin da ke gusar da hannun hagu daga mazauninsa. Epistory ya ba da zaɓin tafiya da E, F, J, I. Haka kuma jerin haruffa ya bambanta: Amurka na amfani da QWERTY, Faransa kuwa AZERTY.

Ta uku ita ce sauri. Ana auna shi da yawan kalmomi a minti ɗaya, inda ake lissafa bugu 5 a matsayin kalma guda. Abin da ya yi wa gwani sauƙi har ya gundure shi, shi ne zai sa mai koyo ya fid da rai. Saboda haka aka tsara Epistory ya riƙa daidaita wahalarsa da saurin mai wasa.

Abin da aka faɗa da abin da aka gani

Ɗan wasa ya fi kowa sanin inda ya sha wuya, amma ba lallai ne ya san dalili ba. Mai cewa dodanni sun cika sauri, wataƙila haruffan ne suka yi ƙanana. Don haka mai ƙira yakan haɗa maganar 'yan wasa da abin da ya auna: inda suka yi kuskure da inda suka daina wasa.

Aikin aji

Malami ya zaɓi ɗalibai biyu su kwafi sakin layi guda, da kwamfuta ko da alƙalami. A karanta wa ɗaya gajeren labari yana cikin rubutu, ɗayan kuma sai bayan ya gama. A yi wa kowanne tambayoyi 5 a kan labarin, a ƙirga kurakuran rubutunsa, sannan a tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala. Daga nan aji ya gwada amsarsa da abin da aka ƙirga.