Darasi Na Tara: Direba Da Barci A Hanyar Tabuka

Wanda ya daɗe a Jidda, ko a unguwar Karantina ko a ta Hindawiyya, ba ya bukatar a koya masa duba taya da ruwan lagireto, ko cika jarka da ruwan sha kafin tafiya. Abin da ya wajaba mu tsaya a kansa shi ne ɗabi'ar nan ta kama sitiyari alhali ido cike yake da barci.

Daga Jidda zuwa Tabuka, garin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nufa da rundunarsa a shekara ta 9 bayan Hijira, kimanin kilomita 1,000 ne. Kuma wanda ya bi gaɓar Bahar Maliya, ya wuce Rabig da Yanbu da Umluj da Wajh, kafin ya karkata gabas a Duba ya hau duwatsu, zai wuni yana kallon kwalta miƙaƙƙiya, teku a hagu, hamada a dama, har gafala ta sauko masa bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 100 cikin daƙiƙa 3. Gyangyaɗi ɗaya ke nan. Idan ido ya yi nauyi, a tsaya.

Ku dubi wani gida a daren tafiya. Uwargida ta ɗaure dabino da gurasa, ta wanke fulas, yara sun yi faɗa a kan kujerar taga har sun gaji, maigida kuwa yana ƙofar gida, maƙwabta sun riƙe shi da hira.

"Malam, ƙarfe biyu fa ta gota, kuma da asuba ka ce za mu tashi."

"Haba Hajiya, yau na fara tuƙi? Ga goro a aljihu, ga shayi."

Sai tsohuwar gidan ta ɗaga labule ta ce, "Kai ɗan nan, goro ya taɓa biyan bashin barci? In ba ka kwanta ba, jikokina ba za su shiga motar nan ba."

"To, Inna, na ji."

Tsohuwa ta yi gaskiya. Maƙwabtan nan kuwa, da suka san mutum zai ɗauki rayuka bakwai da safe amma suka hana shi shimfiɗa, gobe su ne a sahun gaba wajen cewa ƙaddara ce. Haƙiƙa ƙaddara gaskiya ce, amma tawakkali ba ya soke riƙo da sababi, kuma Shari'ar da ta yi wa musafiri rangwamen kasaru ba ta ɗora masa isa gari kafin magariba ba.

Saboda haka a yi barci isasshe kafin a tashi, a huta bayan kowace awa biyu, a yi ƙailula a gidan mai bayan azahar, a guji tafiyar dare, domin raƙumi ba ya ɗauke da fitila. Buɗe taga ba magani ba ne, ƙara sautin rediyo ba magani ba ne. Da zarar hamma ta yawaita, ko ka kasa tuna garin da ka wuce, ka sauka daga kwalta ka kwanta. Ke kuma uwargida, in kin ga kansa yana rinjaya, kada kunya ta hana ki cewa ya tsaya.