Dandalin Turawa: Darasi a kan Unguwannin Baƙi

A cikin tsohon birnin Kano, ba nisa da kasuwar Kurmi, akwai wata unguwa da a ke kira Dandalin Turawa. Wanda bai san tarihi ba, in ya ji sunan sai ya zaci Ingilishi ne suka zauna a can. Ba haka ba ne. A da can, in Bahaushe ya ce "Bature", Balarabe ya ke nufi, watau farin mutum mai zuwa daga bayan hamada. Mutanen ƙasashen Turai kuwa Nasara a ke ce da su, sai daga baya sunan ya koma kansu. Turawan da suka ba unguwan nan suna fatake ne na Gadamas da Tarabulus, garuruwa biyu da su ke cikin ƙasar Libiya yanzu. Mutanen Gadamas suna da wani harshe nasu ban da Larabci, amma Kanawa ba su tsaya bambantawa ba, duk Larabawa su ke kiransu.

Abin da na ke so mu duba, 'yan'uwana ɗalibai, shi ne abin da ke rayar da unguwar baƙi a cikin babban gari, da abin da ke kashe ta. Mun saba cewa talauci ko yaƙi ke kashe unguwa. Labarin Kano ya nuna mana wani abu dabam.

Baƙo ba ya neman ɗan'uwansa don ƙauna kaɗai. Wanda ya iso da kayan raƙumi hamsin yana bukatar ɗakin ajiya mai ƙofa, da wanda zai yi masa tafinta, da dillalin da ba zai cuce shi ba, da wanda ya san ubansa har zai ba shi bashi. Duk waɗannan a wuri ɗaya su ke samuwa, wurin da waɗanda suka riga shi zuwa suka sauka. Akwai ma wata unguwa a Kano mai suna Alfindiki, sunan kuwa daga kalmar Larabci ne mai ma'anar masaukin fatake.

Zaman mutanen arewacin Afirka a Kano ya daɗe. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa kasuwar Kurmi, Shaihu Magili ya zo daga Tilimsan, Sharifan Kano kuma suna danganta kansu gare shi. Amma fatake ba su da gari sai inda ciniki ya ke. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) an tsananta karɓar kuɗi a Kurmi har kasuwa ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina. Bayan jihadi, da yaƙe-yaƙe suka dami Katsina, sai ciniki ya sake juyowa Kano, su ma suka biyo shi.

Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya sauka a wajen Dala inda Larabawa su ke. Ya ƙiyasta mutanen birnin 30,000, ya ce kuma da rani, lokacin zuwan ayari, su kan ninka. Hanyar ayarin ta fi mil 1,500. Daga Tarabulus a bi ta Gadamas, a zo Gat, a ratsa duwatsun Azbin zuwa Agadas, a gangaro Damargu da Damagaram, sa'an nan Kano. Tafiyar wata uku ce ko fiye, in an sami lafiyar hanya. Buzaye ke da raƙuma, su ne kuma jagora, sai an biya su a kan wuce.

Kayan da su ke kawowa kaɗan ne na ƙasarsu. Akwai alkyabba da jar dara da turare, amma yadin na Manchesta ne, ruwan takobi na Jamus, duwatsun ado kuma da yawansu daga Fenis ta Italiya. Har takardar da malamanmu suka yi ta rubuta littattafai a kai, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta ga haske, a arewacin Italiya a ke yin ta. In za su koma, su ɗauki hauren giwa, da gashin jimina, da jar fatar akuya wadda Ingilishi su ke kira fatar Maroko alhali ta ƙasar Hausa ce, da baƙin rini na Kano. Su kan tafi da bayi kuma. Wannan bai kamata malami ya ɓoye wa yara ba, gama wani sashe na arzikin unguwan nan da 'ya'yan mutane aka tara shi.

Cinikin duk a kan bashi ya ke tafiya. Attajiri a Tarabulus ya ba da kaya, wakilinsa a Kano ya sayar, kuɗin ba zai komo ba sai bayan shekara ko fiye. Ba a ba kowa irin wannan amana sai ɗa ko ƙane ko suruki. Saboda haka kowane ayari ya kan zo da samari sababbi, waɗanda aka aiko su koyi ciniki a gidan baffansu. Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne ran unguwar ya ke. Su ne ke zuwa da Larabci sabo a baka, da labarin gida, da wasiƙu. Manyan kuwa sun gina benaye na ƙasa, suna cin alkama a garin da a ke cin dawa da gero, sun kuma auri matan gari. 'Ya'yansu Hausa su ke ji wurin uwa, Larabci wurin uba da baƙinsa.

Ba rana ɗaya hanyar ta mutu ba. Tun kafin 1880 aka shiga kiwon jimina a gonaki a Afirka ta Kudu, gashinta ya yi araha a Turai. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, aka hana cinikin bayi a kasuwa, ayari kuma ya zama yana ƙetare iyakar mulki biyu. Waɗansu Larabawan da kansu suka lura kaya ya fi sauƙin zuwa ta teku, daga Ingila zuwa Ikko, suka fara aikowa ta can. Sa'an nan abu biyu suka faɗo a shekara guda. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. A watan Oktoba na 1911 ɗin nan kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, aka yi shekaru ana fama a ƙasar. Abin da ya rage na hanyar, tawayen Kawusan a Azbin, 1916 zuwa 1917, da ramuwar da Faransawa suka yi, suka ƙarasa shi.

To, me ya sami mutanen unguwar? Ba wanda ya kore su. Waɗansu sun koma gida, waɗansu sun karye, waɗansu kuwa suka shiga cinikin fata da yadi ta hanyar Ikko, suka ci gaba da samu. Sai dai babban ciniki ya zama na gyaɗa, yana kuma wajen ganuwa, kusa da tasha, inda kamfanonin Nasara da attajiran gari irin su Alhassan Ɗantata suka yi ƙarfi. Abin da ya yanke shi ne zuwan samarin nan. Da ba sabon baƙo, jika ya tashi ba ya jin Larabci sai na karatu, ya yi aure a gari, ya zama Bakano sosai. Abin da suka bari ya bazu cikin birni har an manta mai shi. Gurasa da alkaki da alkubus yanzu abincin Kanawa ne.

Jirgin da ya kashe wannan unguwa shi ya haifi wata. Mutanen Labanan da Siriya, waɗanda mu ke kira Kwarori, suka biyo shi daga Ikko, aka yanka musu fili a Fagge ta Kudu. Suka yi gini irin na kanti a gaba, gida a baya ko a sama. Su ma ba su dawwama ba. Masu samu suka koma Bompai da Nasarawa, suka kafa masana'antu, dokar 1972 kuma ta hana baƙi ƙananan sana'o'in saye da sayarwa. Wurin ya zama kasuwar yadi ta Kantin Kwari, a hannun 'yan ƙasa. Titin Beirut na nan da sunansa.

Don kada ku zaci abin na Kano ne kaɗai, ga misali daga Amurka. Tsakanin 1880 da 1920 mutanen Italiya wajen miliyan 4 suka ƙaura can, yawancinsu talakawan kudancin ƙasar. A birnin Niyu Yok suka cika waɗansu unguwanni, wadda ta fi suna ita ce ta titin Mulberry, har aka sa mata Ƙaramar Italiya. Mutanen Napoli suna layinsu, na Sisili suna nasu. A 1924 gwamnatin Amurka ta yi doka ta rage shigowarsu ƙwarai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'ya'yansu suka sami aiki mai kyau, suka raina ƙuntatattun ɗakunan iyayensu, suka sayi gidaje a bayan gari. Mutanen Sin, waɗanda dokar 1965 ta buɗe wa ƙofa, suka yi ta shiga gidajen da aka bari. Yau abin da ya rage 'yan gidajen abinci ne domin masu yawon buɗe ido, da bikin San Gennaro da aka fara a 1926, wanda a ke yi kowane Satumba. Doka ce ta yi musu abin da jirgin ƙasa ya yi wa Dandalin Turawa.

Mu nan Lafiya ba sai mun je nesa ba. Garin kansa baƙi suka kafa shi, Barebari jama'ar Muhammadu Dunama, wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa a ke ce masa Lafiyar Barebari. Su dai sarauta suka samu, ba kanti ba, saboda haka ba su watse ba. Amma Barno ta yi nisa, ba a ci gaba da zuwa daga can ba, yau kuwa Hausa ce harshen gidajensu.

Wanda aka ba ajin manya a lokacin gwajin koyarwa yana iya sa yara wannan aiki. Ya raba su uku uku ko huɗu huɗu, kowace ƙungiya ta ɗauki unguwa ɗaya mai sunan wata kabila ko wani gari, kamar Tudun Gwandara. Su tafi wurin mai unguwa da ladabi, bayan la'asar, ba lokacin da ya ke gona ko kasuwa ba. Su tambayi wanda ya fara sauka, da sana'ar da ta kawo shi, da hanyar da ya biyo, da harshen da tsofaffi ke yi da wanda yara ke yi a dandali. Kada su tashi sai sun tambayi ko har yanzu ana zuwa daga garin asali, in kuma an daina, a zamanin wane sarki aka daina.